Dandali uku cikin shekara biyu: yadda wani kamfanin rarraba kaya a Kano ya zaɓi inda ayyukansa na cikin gida za su zauna

Asalin lamarin, zuwa ƙarshen 2022

Kamfanin da ake magana a kansa yana rarraba kayan masarufi ne a Kano: shinkafa, sukari, taliya, man girki, madara da sabulu. Yana sayowa daga masana'antu tirela-tirela, yana sauke wa 'yan kasuwa a Kasuwar Singa da garuruwan da ke kewaye, kuma galibin manyan abokan cinikinsa bashi suke ɗauka su biya bayan mako ɗaya ko biyu. Yana da sito uku, ma'aikata kusan 40, da sashen fasaha mai mutum uku, waɗanda shugabansu kowa ke kira da Injiniya.

Manhajar sayar da kaya su suka rubuta abarsu, bayananta kuma suna cikin rumbun bayanai na PostgreSQL a kan wata saba ta haya, wato kwamfutar da ke riƙe da manhaja tana aiki dare da rana. Wannan ɓangaren bai taɓa ba su matsala mai yawa ba. Matsalar tana cikin ƙananan ayyukan da ke kewaye da shi, waɗanda ba su da gida: daidaita kuɗin da ya shigo banki da bashin kowane ɗan kasuwa, tura saƙon tuna bashi, fitar da rahoton sito da asuba, ɗaga wa mutum iyakar bashinsa, gyara rasit da aka shigar ba daidai ba. Akwai guntayen kod goma sha huɗu, wato ƙananan shirye-shiryen kwamfuta da aka rubuta da harshen Python, da ke yin waɗannan ayyuka. Wasu cron ke tayar da su, wato tsohon agogon ayyuka na Unix da ake amfani da shi tun shekarun 1970, wanda yake tayar da shiri a lokacin da aka gindaya masa amma sai an yi masa tanadi na musamman kafin ya sanar da wani idan aikin ya faɗi. Sauran suna kan laftof ɗin ɗaya daga cikin matasan sashen, ba sa motsi sai ya buɗe ta.

Duk abin da ba shi da guntun kod kuwa ta WhatsApp ake nemansa. Magatakardan sito zai rubuto cewa, "Injiniya, don Allah a ɗaga wa wane bashinsa, motarsa na bakin sito," sai wani a sashen ya shiga rumbun bayanai ya rubuta umarnin SQL, harshen da ake ba rumbun umarni da shi, da hannu. Babu inda ake ajiye sunan wanda ya nema ko wanda ya yarda, in ban da hirar wayar.

Janairu da Fabrairun 2023: ƙarancin takardun kuɗi

A ranar 26 ga Oktoban 2022 Babban Bankin Najeriya ya sanar da sauya fasalin takardun naira 200, 500 da 1,000. Sababbin sun fara fita a tsakiyar Disamba, aka sa wa tsofaffin wa'adin 31 ga Janairu, sannan aka matsar da shi zuwa 10 ga Fabrairu, kuma sai a ranar 3 ga Maris Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin cewa tsofaffin su ci gaba da aiki har ƙarshen shekara. A tsakanin nan tsabar kuɗi ta yi wuyar samu, 'yan kasuwar da suka saba kawo kuɗi a jaka suka koma tiransifa.

Kuɗin da ke shigowa asusun kamfanin ta banki ya tashi daga kusan shiga 60 a rana zuwa sama da 400. Yawan ma bai kai rikicin sunaye ciwo ba. Ɗan kasuwa zai turo ta asusun ɗansa, ko ta asusun mai POS na bakin layinsu, ko ya raba kuɗi ɗaya gida huɗu saboda iyakar da bankinsa ya sa masa a rana. Guntun kod ɗin daidaitawa yana neman suna da adadi su yi daidai da abin da ke rubuce, saboda haka ya daina gane mafi yawansu. Shugabar sashen kuɗi, wadda ake kira Hajiya, da akantocinta biyu suka koma bin alat ɗaya bayan ɗaya a Excel, sau da yawa har bayan isha'i.

A mako na biyu na Fabrairu, cikin wannan gajiya, ɗaya daga cikin matasan sashen fasaha ya rubuta umarnin ɗaga iyakar bashin mutum ɗaya ya manta da layin da ke keɓe mutumin. Umarnin ya sauya iyakar bashin kowane abokin ciniki a rumbun. An gano bayan kusan awa biyu, lokacin da wani magatakarda ya yi mamakin ganin an buɗe wa mai ƙaramin shago bashin miliyoyi. An maido da tsofaffin adadin daga ajiyar daren jiya, amma sito bai fitar da kayan bashi ba har la'asar. Da yamma mai kamfanin ya kira Injiniya ofishinsa.

"Injiniya, ashe duk dukiyar nan a kan yatsan yaro ɗaya take rataye?"

"Ranka ya daɗe, haka take. Tun bara nake tsoron ranar nan."

Aka ba shi wata uku ya kawo tsarin da babu wanda zai sake taɓa rumbun bayanai da hannu.

Maris zuwa Afrilun 2023: dandalin jona akwatuna

Gwaji na farko da wani dandali na ƙasar waje aka yi, irin wanda ba a rubuta kod a cikinsa, sai dai a jawo akwati a jona shi da wani: idan kaza ya faru a yi kaza. Dalilin zaɓensa shi ne a ba sashen kuɗi damar gyara ayyukansu da kansu ba tare da jiran masu kod ba, kuma Hajiya ce ta fi kowa goyon bayansa.

Saƙon tuna bashi ya tashi cikin kwana biyu kuma ya yi aiki yadda ake so. Daidaita kuɗi ne ya gagara. Sunan mutum ɗaya yana zuwa a matsayin Muhammad, Mohammed ko Muh'd. Wani a littafin kamfani Audu ne, a banki Abdullahi. Wani ya turo rabin kuɗi yau, rabi jibi, ta asusu biyu daban. Kowace irin wannan sai an ƙara mata reshe, har akwatunan suka haura 40 a allo ɗaya, kuma babu hanyar gwada su da bayanan ƙarya kafin a sake su kan na gaske. Wata rana wani ya sauya sharaɗi ɗaya a tsakiya, adadin da ake ganewa ya faɗi, aka kwana biyu ana neman abin da ya canza saboda babu yadda za a jera na jiya da na yau a ga bambanci.

Akwai kuma batun biya. Dandalin yana cajin kuɗi gwargwadon yawan matakan da aka gudanar, kuma shiga 400 a rana da kowace ke bi ta matakai da yawa tana cinye kason wata cikin 'yan kwanaki. Kuɗin da dala ake biya, a lokacin da bankunan Najeriya da dama suka riga suka dakatar da sayayyar ƙetare da katin naira, bayan sun fara rage ta zuwa dala 20 a wata a 2022. Bayan mako shida aka janye komai daga dandalin, aka bar saƙon tuna bashi kawai na ɗan lokaci.

Mayu zuwa Disamban 2023: dandalin haya mai sa kod a gaba

A zagaye na biyu Injiniya ya nemi dandalin da kod ne ginshiƙinsa. Ma'anar haka a aikace ita ce mai kod ya rubuta aiki da Python ko SQL kamar yadda ya saba, ya ajiye shi a ma'ajiyar Git inda ake ganin tarihin kowane canji da wanda ya yi shi, sannan dandalin ya ɗauki wannan kod ya yi masa abin da ba ya iya yi wa kansa: fom ɗin da ma'aikaci zai cike, jadawalin lokaci, takaita waɗanda za su iya dannawa, matakin sa hannun shugaba, da kundin abin da aka gudanar. Sun zaɓi na wani ƙaramin kamfani a Amurka, wanda ake biya kowane wata bisa yawan masu amfani.

Abin da ya fi kwantar musu da hankali shi ne dandalin yana ba da wani ɗan shiri da ake girkawa a sabar kamfani, shi ke gudanar da ayyukan a kusa da rumbun bayanai, ba sai an buɗe rumbun ga duniya ba. Wannan ya ƙara daraja a watan Yuni, lokacin da aka sa hannu a kan Dokar Kare Bayanai ta Najeriya ta 2023, domin sunaye da lambobin wayar abokan ciniki suna cikin abin da ayyukan ke taɓawa.

Sakamakon ya zo da wuri. Ɗaga iyakar bashi ya zama fom mai gurbi uku: lambar ɗan kasuwa, sabon adadi, dalili. Magatakarda ya cike, Hajiya ta ga buƙatar a wayarta ta amince ko ta ƙi, kod ɗin kuma ba ya iya taɓa sama da mutum ɗaya. An sake rubuta aikin daidaitawa da Python, aka ba shi littafin asusun da kowane ɗan kasuwa ya taɓa turowa ta cikinsu, aka rubuta masa gwaje-gwaje da misalan rikitattun sunaye na watan Fabrairu, ya koma gane kusan huɗu cikin kowace shiga biyar da kansa. Zuwa Disamba ayyuka 31 ne a dandalin, buƙatun WhatsApp sun kusa ƙarewa.

Kuɗin ne ya fara motsi. A tsakiyar Yuni Babban Banki ya saki farashin naira, dala ta tashi daga kusan 460 zuwa sama da 750 a kasuwar hukuma cikin 'yan kwanaki. Kamfanin ya rage masu amfani daga 22 zuwa 12, kuma hanyar da aka bi ita ce kowane sito ya riƙe sunan shiga dandalin guda ɗaya da magatakarda uku ko huɗu ke amfani da shi. Daga nan kundin ya daina nuna sunan wanda ya nemi abu, sai dai ya ce "sito na biyu", alhali sanin wanda ya nema na cikin dalilan da suka sa aka sayi dandalin tun farko.

Wasu abubuwa uku sun taru a waɗannan watanni ba tare da an lura ba. Izinin wa zai iya danna me, da jadawalin lokuta, da makullan sirri na banki da na kamfanin saƙonni, duk a shafin dandalin aka shigar da su da hannu, babu kwafinsu a Git. An gina allo biyar na duba bayanai da kayan ginin da dandalin kaɗai ke da su. Sannan, saboda sauƙi, matasan sashen sun riƙa kiran ɗakin karatun kod na dandalin, wato shiryayyen kod ɗin da ba ya aiki sai a kansa, a tsakiyar lissafin kasuwanci, a duk inda suka ga ya rage musu layi biyu.

Janairun 2024: sanarwar rufewa

A makon farko na Janairu saƙo ya shigo cewa wani kamfani mafi girma ya sayi masu dandalin, kuma za a kashe shi ranar 1 ga Maris. Wa'adin bai kai wata biyu ba. Ana sa ran azumi kwana goma bayan ranar, kuma ga mai sayar da sukari, madara da man girki babu lokacin da ciniki da bashi ke yawa kamar makonnin da ke gabansa.

Tunanin farko a ofis shi ne tun da ɗan shirin da ke gudanar da ayyuka yana sabarsu, abubuwa za su ci gaba da tafiya. Injiniya ya bayyana cewa ɗan shirin ɗan aike ne kawai: fom, jadawali, izini da umarnin "tashi ka yi" duk daga sabar masu dandalin suke zuwa, ranar da aka kashe can shi ma zai zauna shiru.

An yi kwana uku ana ƙidaya. Cikin ayyuka 31, guda 19 kod ne tsantsa a Git da za a iya ɗauka a kai ko'ina. Bakwai sun cakuɗa da ɗakin karatun dandalin, sai an warware su layi-layi. Biyar su ne allunan, waɗanda babu abin da za a ɗauka daga cikinsu sai tambayoyin SQL da ke ƙarƙashi. Izini da jadawali kuwa sai da aka zauna aka kwafe su daga allo zuwa takarda.

Tsakiyar Janairu zuwa farkon Fabrairu: tantancewa

A wannan karon an rubuta tambayoyin kafin a duba ko dandali ɗaya. Ta farko: idan masu shi suka rufe gobe, me zai ci gaba da aiki jibi? Ta biyu: shin komai, har da jadawali da izini, yana iya zama fayil a Git? Ta uku: ma'aikacin da bai san kod ba zai iya amfani da shi daga wayarsa? Ta huɗu: kuɗinsa yana hawa da yawan ma'aikata, kuma da wane kuɗi ake biya? Zuwa ƙarshen Janairu dala ta haura naira 1,400 a kasuwar hukuma. An kuma ƙayyade jarrabawa ɗaya ga kowa: a gina fom ɗin ɗaga bashi mai sa hannu, a kuma gudanar da aikin daidaitawa kowace awa.

Apache Airflow, wanda Maxime Beauchemin ya fara a kamfanin Airbnb a 2014, ya ci tambaya ta farko da ta biyu ba gardama, domin buɗaɗɗen kod ne, wato kowa na iya ɗauka ya girka a sabarsa, kuma da Python ake rubuta tsarin ayyukansa. Aikin daidaitawa ya zauna a kansa lafiya. Sai dai an gina shi ne don jerin ayyukan bayanai masu tafiya bisa jadawali, allonsa na injiniyoyi ne, ba wurin da za a tura magatakardan sito ba. Temporal, wanda mutanen da suka gina makamancinsa mai suna Cadence a kamfanin Uber suka kafa a 2019, shi ne ya fi burge matasan sashen, saboda yana riƙe matsayin aiki mai tsawo ko da saba ta mutu a tsakiya ya ci gaba daga inda ya tsaya. Amma ba ya kawo fom, kuma mutum uku ba za su koyi salon rubutunsa su gina allo a kansa cikin mako biyar ba. GitHub Actions, wanda suke amfani da shi wajen gwada kod, yana da jadawali kuma yana karɓar 'yan bayanai idan za a tayar da aiki da hannu, sai dai wanda zai tayar ɗin dole ya kasance yana da izinin rubutu a ma'ajiyar kod, abin da ba za a ba ma'aikata 20 ba.

Retool, na San Francisco, shi ya fi kowa kyan allo da saurin gini, kuma an gina fom ɗin jarrabawa a kansa cikin rabin yini. Abin da ya hana shi ne kod ɗinsa ba a buɗe yake ba kuma ana biya da dala bisa yawan masu amfani, wato tambaya ta farko da ta huɗu. n8n, na Berlin, ana iya girka shi a sabar kamfani kuma lasisinsa ya yarda da amfanin cikin gida, amma ginshiƙinsa jona akwatuna ne, kod a cikin akwati yake shiga, kuma sashen bai manta da akwatuna 40 na bara ba. An kuma tattauna su rubuta nasu daga tushe. Injiniya ya ƙi, ya ce fom da izini da layin ayyuka suna da sauƙin farawa amma ba sa ƙarewa, kuma sana'ar kamfanin sayar da shinkafa ce, ba rubuta manhaja ba.

Wanda ya rage shi ne Windmill. Buɗaɗɗen kod ne a ƙarƙashin lasisin AGPL, ana girka shi da Docker, manhajar da ke sauƙaƙa ɗora shiri a kan saba, kuma layin ayyukansa a cikin PostgreSQL yake, rumbun da sashen ya riga ya sani. Yana karɓar Python, TypeScript, Go, Bash da SQL, yana duba abubuwan da aiki ke buƙata ya ƙera fom da kansa, yana da matakin tsayawa a jira amincewa, kuma yana da ɗan kayan aiki da ke sauke ayyuka da jadawali su zama fayiloli a Git ya kuma mayar da su. An lura tun a lokacin cewa shi ma ƙaramin kamfani ne ke bayansa, kuma wasu abubuwa, ciki har da cikakken kundin bin diddigi, suna cikin sigar da ake biya. Amsar da aka bayar a taron ita ce ko kamfanin ya rufe, sigar da ke sabarsu za ta ci gaba da tashi, kundin kuma za su rubuta nasu a tebur ɗaya cikin rumbunsu.

Fabrairun 2024: ƙaura

An girka dandalin a saba ta biyu da aka yi haya a Frankfurt, kusa da rumbun bayanai. Kafin a ɗauki aiki ko ɗaya aka kafa doka: duk lissafin kasuwanci zai zauna a kunshin Python na kamfanin, wanda bai san da wani dandali ba, abin da za a sa a Windmill kuma ɗan kira ne da bai wuce layi 20 ba. Babu canjin jadawali ko izini da za a yi a allo a bar shi a can, sai ya shiga Git wani ya duba.

Ayyuka 19 sun ƙaura cikin kwana huɗu. Bakwai ɗin sun ci kwana goma sha ɗaya. Cikin allo biyar an sake gina uku, biyu kuma da aka bincika aka tarar babu wanda ya buɗe su tun Oktoba, aka bar su. Kowane magatakarda ya samu shigarsa ta kansa.

Kuskure ɗaya ya fito a ranar farko. An kwafi jadawalin rahoton sito na ƙarfe 6 na safe ba tare da an sa yankin lokaci na Najeriya ba, sai ya bi agogon duniya da ke baya da awa ɗaya, rahoton ya iso ƙarfe 7, lebura suna zaune a gindin motoci suna jiran takardar lodi. An gyara da layi ɗaya. An gama ƙaura ranar 26 ga Fabrairu, an sauke tsohon kundin ayyuka an adana, tsohon dandalin kuma ya mutu a ranar da aka faɗa.

14 ga Maris 2024: yankewar wayoyin teku

An ɗauki azumi ranar Litinin 11 ga Maris. Ranar Alhamis, huɗu ga azumi, wayoyin intanet na ƙarƙashin teku huɗu, WACS, MainOne, SAT-3 da ACE, suka samu matsala a gaɓar Afirka ta Yamma wajen Kwaddebuwa, intanet ya yi rauni ƙwarai a Najeriya da maƙwabtanta, har hada-hadar bankuna ta taɓu. Sabar Frankfurt tana nan lafiya tana tayar da ayyuka a kan lokaci, amma ma'aikatan Kano da ƙyar suke buɗe fom, sito ya koma rubuta buƙatun bashi a takarda Hajiya tana sa hannu da biro.

Ɓarnar ta fito ta wani wuri. Aikin daidaitawa yana jawo jerin kuɗin da ya shigo daga Najeriya yana rubuta su ɗaya bayan ɗaya. A ranar hanyar tana yankewa a tsakiya, kuma a lokacin ƙaura an kunna masa sake gwadawa kai tsaye idan ya faɗi, abin da ba a kunna ba a tsohon dandali. Duk sanda ya sake tashi sai ya fara daga farko ya ƙara rubuta waɗanda ya riga ya rubuta. Biya 37 aka shigar sau biyu, wasu sau uku.

Ba na'ura ce ta gano ba. Ranar Asabar wani dattijo mai shago a Singa ya zo ofis da wayarsa a hannu, ya nuna saƙon da ya ce bashinsa ya ragu da fiye da abin da ya biya.

"Hajiya, ni dai na san abin da na turo. Wannan ragin ba nawa ba ne, kuma ga shi muna cikin azumi."

"Allah ya saka da alheri, Baba. Zauna mu duba."

Gyaran ya ɗauki yini ɗaya. Kowace tiransifa tsakanin bankunan Najeriya tana ɗauke da lambar shaida mai lambobi 30 da ba ta maimaituwa, saboda haka aka sa wa teburin biya sharaɗin cewa lamba ɗaya ba ta shiga sau biyu, aka rubuta gwajin da ke gudanar da aikin sau uku a jere ya tabbatar adadin bai canza ba. An bi sauran ayyukan da ke rubuta wani abu a rumbu, aka samu huɗu masu irin wannan rauni.

Afrilu zuwa Disamban 2024

Ayyuka sun kai 44 a ƙarshen shekara, masu amfani 26, kuɗin hayar saba bai canza da ƙaruwarsu ba. Abin da ya ƙaru shi ne aikin Injiniya: dandalin yana fitar da sabuwar siga akai-akai, sabuntawa da duba ajiyar ko-ta-kwana suna cin kusan yini ɗaya a wata. A Agusta ma'ajin sabar ya cika da tsohon tarihin ayyuka, komai ya tsaya na awa biyar cikin dare, aka sa share tsofaffin bayanai da ƙararrawar cikar wuri. A Satumba ɗaya daga cikin masu kod ya bar aiki. Wanda ya maye gurbinsa ya fara gyara ayyuka a makonsa na farko, domin duk abin da zai karanta yana wuri ɗaya. A Oktoba an yi gwajin fita da gangan: aka kashe ayyuka uku a dandalin na yini ɗaya aka gudanar da su da cron kai tsaye daga kunshin kamfanin, suka tafi ba tare da an canza layi ba.

Abin da ya yi aiki da dalilinsa

A ganina zaɓen dandalin da ke sa kod a gaba daidai ne ga wannan kamfani, kuma dalilin yana cikin aikin daidaitawa: ƙa'idojinsa cike suke da togaciya, kuma togaciya tana buƙatar gwaji da tarihin canji, abin da akwatuna ba su bayar ba. Dandalin farko bai gaza ba a aikin da aka yi shi dominsa, saƙon tuna bashi shaida ne. An ɗora masa kayan da ba nasa ba ne.

Zagaye na biyu ya fi koyarwa, saboda dandalin ya yi duk abin da aka saye shi ya yi, amma tambayar yadda za a fita daga cikinsa idan ya rufe ba ta cikin tambayoyin Mayun 2023. Ƙidayar Janairu ta nuna inda asarar take: abin da ke Git ya ƙaura cikin kwana huɗu, abin da aka danna a allo ko aka cakuɗa da kayan dandalin shi ya cinye sauran makonnin. Da an kafa dokar layi 20 tun a 2023, da sanarwar rufewa aikin mako ɗaya ce. Saboda haka ba zan ba Windmill duka ladan zaman lafiyar 2024 ba. Kaso mai yawa na wannan doka ne, kuma gwajin Oktoba ya nuna za ta yi aiki da wani dandalin ma. Kuskuren 14 ga Maris kuwa yana cikin kod ɗinsu tun 2023, sabon dandalin tona shi kawai ya yi, kuma rashin sa'a ne ya sa ya tonu a kan kuɗin mutane maimakon a wurin gwaji.

Akwai abin da aka rasa wanda ba a maido ba. Burin Hajiya na Maris 2023, cewa sashenta ya iya canza abu da kansa, bai cika ba: ko kalma ɗaya za a sauya a saƙon tuna bashi sai an jira mai kod, wani lokaci kwana biyu, kuma ta faɗi haka a taron ƙarshen shekara. Sannan haɗarin rufewar kamfanin waje ya ragu, amma wani ya maye gurbinsa, domin Injiniya kaɗai ne ya taɓa tayar da dandalin daga ajiya tun daga farko har ƙarshe. An sa ranar da sabon ma'aikacin zai yi wannan gwaji shi kaɗai a watan Janairun 2025, batun mayar da saba zuwa wata cibiyar bayanai a Legas kuma an ɗage shi har sai an samu farashi daga wurare biyu.